Idan yanki ya ɓalle ya zama ƙasa, wa ke riƙe dukiya, wa ke biyan bashi?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masana shari'ar ƙasa da ƙasa ce, da kuma waɗanda suka san aikin baitulmali. Idan wani yanki ya fita daga cikin ƙasa ya kafa tasa, kamar yadda Sudan ta Kudu ta yi a 2011, yaya ake raba kayan gwamnati? Ina nufin hanyoyi, asibitoci, barikokin soja, jiragen sama, gidajen jakadanci da ke waje, da kuɗin da ke ajiye a babban banki. Bashin da tsohuwar ƙasa ta ciwo fa, a wuyan wa yake?

A fadodinmu na nan Damagaram magana biyu ake ji. Wasu na cewa abin kamar rabon gado ne, a fara biyan bashi, abin da ya saura a raba. Wasu kuma na cewa sabuwar ƙasa ba ta gadon bashi ko na tamma ɗaya. Wanne ne daidai? Don Allah a ba mu yadda ake yi a aikace, da inda abin yake lalacewa.

Malam Lauya na Zango ya amsa:

Wa alaikumus salam, Ɗan Birni. Kowace daga cikin maganganun biyu tana da wurin da take aiki, amma kafin a taɓa lissafi sai an amsa tambaya ɗaya: tsohuwar ƙasar tana nan, ko ta rushe? Kwatancen gado yana tafiya ne kawai idan ta rushe, kamar Cekoslobakiya ranar 1 ga Janairun 1993. Sudan kuwa ba ta mutu ba. Ta ci gaba da zama a kujerarta ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sunanta ne a kan takardun bashi, don haka masu bin bashi ƙofar Khartum suke bugawa, ba ta Juba ba. Ko inda ƙasar ta rushe ma, ba a iya biyan bashi kafin rabo, domin bashin ƙasa na shekara 20 ne ko 40. Raba shi ake yi, kowa ya ci gaba da biyan nasa.

Rubutacciyar ƙa'ida ɗaya ce a kan wannan, Yarjejeniyar Biyana ta 8 ga Afrilun 1983 kan dukiya da takardu da basussukan ƙasa. Masanin shari'a ɗan Aljeriya, Mohammed Bedjaoui, shi ya jagoranci tsara ta. Har yau ba ta fara aiki ba, saboda ana buƙatar amincewar ƙasashe 15 kuma ba a kai ba. Saboda haka ba ta ɗaure kowa. Amfaninta shi ne idan an zauna kan tebur, da ita ake fara auna magana, kuma kusan kowace ayarta cewa take yi abin da ɓangarorin suka yarda da shi shi ne gaba.

Ga abin da ta tanada kan dukiya idan yanki ya ɓalle, a aya ta 17. Duk abin da ba ya ɗaukuwa, wato fili, gini, hanya, madatsar ruwa, filin jirgi, yana bin ƙasar da yake a kai. Kayan da ke ɗaukuwa amma suna da alaƙa da aikin yankin, kamar motocin asibitocinsa, taragun jirgin da ke aiki a layinsa, kuɗin da ke reshen baitulmalinsa, su ma suna bin yankin. Sauran kaya masu ɗaukuwa, irin zinariyar babban banki da ajiyar kuɗin waje da jiragen sama, ana raba su bisa adalci. Aya ta 11 ta ce ba a biyan diyya a kan wannan miƙawa.

A lura da abin da aya ta 17 ba ta ambata ba: gine-ginen da ke ƙasashen waje. Idan uwar ƙasa tana nan, gidajen jakadanci nata ne. Sai idan ta rushe ne aya ta 18 ta ce a raba su. Wannan ne ya sa aka shafe shekaru ana ja-in-ja a Yugoslabiya. Belgrad ta dage cewa ita ce ci gaban tsohuwar ƙasa, sauran ɓallewa suka yi, su kuma suka ce rushewa aka yi. Sai ranar 29 ga Yunin 2001 aka sa hannu kan yarjejeniyar rabo a Biyana, ta fara aiki a 2004. A rabon gidajen jakadanci Sabiya da Montenegiro suka samu kashi 39.5 cikin ɗari, Kuroshiya 23.5, Bosniya 15, Sulobeniya 14, Masedoniya 8.

Wuri na biyu da ake tuntuɓe shi ne gane mene ne kayan gwamnati. Aya ta 8 ta ce dokar tsohuwar ƙasa ce, a ranar rabuwa, take faɗa. Kayan magajin gari da na jaha ba sa cikin rabo, dama can na wurin ne. Gonar talaka da kantin ɗan kasuwa ba sa ciki. Kamfani kuma yana da matsayinsa dabam. A duba tsarin kamfani irin SORAZ, matatar man da muka sani a nan Damagaram: kashi 60 na kamfanin man Sin CNPC ne, 40 na gwamnati. A duk ƙasar da ake rabo, kamfani mai irin wannan tsari hannun jarin gwamnati kaɗai ake sa wa a ma'auni, ba matatar duka ba, kuma bashin da kamfanin ya ci yana nan a kan kamfanin. Masu shawarwari da yawa suna sa darajar masana'anta sukutum a lissafi, daga baya su tarar da abin da suka samu bai kai rabin abin da suka rubuta ba.

Masu cewa sabuwar ƙasa ba ta gadon bashi, aya ta 38 suke nufi, ko sun sani ko ba su sani ba. Ita kuwa ta ƙasashen da suka fito daga mulkin mallaka ce kawai, irin Nijar ranar 3 ga Agustan 1960. Ba ta shafi yankin da ya ɓalle daga ƙasa mai ƴancin kanta ba. Wannan aya tana cikin manyan dalilan da suka sa ƙasashen Turai suka ƙi yarjejeniyar. Kuma kafin a rubuta ta ba haka aka riƙa yi ba: a 1949 Holan ta ɗora wa Indunisiya bashin fiye da gilda miliyar 4, har sai da Jakarta ta yi watsi da ragowar a 1956.

Ƙa'idar cewa gini yana bin ƙasa tana da sauƙin aiki, amma ba kullum take adalci ba, kuma mu ƴan tsohuwar AOF, wato tarayyar Afirka ta Yamma ta mulkin mallakar Faransa, mun ga haka. Kasafin tarayya daga kuɗin duwan da harajin yankuna takwas ake tara shi, amma manyan gine-gine a Dakar aka zuba su. Da tarayyar ta watse a 1959, fadar Gwamna Janar ta zama fadar shugaban Senegal, jami'a da tashar jiragen ruwa suna can. Muritaniya, wadda daga Saint-Louis ta cikin Senegal ake mulkinta, sai da ta fara gina Nuwakshot daga 1958. A ganina duk mai shawarwari a madadin yankin da aka bari a baya, kada ya yarda da wannan ƙa'ida ita kaɗai. Ya nemi a yi wa gine-ginen babban birni kuɗi, a cike masa giɓin daga ajiyar banki ko a rage masa kason bashi.

Ma'aji na Sabon Gari ya amsa:

Malam Lauya ya gama da dukiya, bari in ɗauki bashi, don a nan ake zufa.

Abin da mutane ke mantawa shi ne a rabon bashi ba mutum biyu ke zaune ba, uku ne. Na ukun shi ne mai bin bashi. Aya ta 36 ta wannan yarjejeniya ta ce rabuwar ƙasa ba ta taɓa haƙƙinsa. Ko ƙasashen biyu sun rubuta cewa kowa zai biya rabi, in mai kuɗin bai sa hannu ba, wanda ya ci bashin tun farko zai bi. Shi ya sa a Janairun 2014, kafin ƙuri'ar raba gardama ta Sikotilan, baitulmalin Birtaniya ya sanar cewa shi zai ci gaba da biyan dukkan takardun bashinsa ko me ya faru, daga baya ya nemi kason Sikotilan tsakaninsu. Ya yi haka ne don kada masu ba da rance su tsorata su ƙara kuɗin ruwa.

Aikin yana farawa da tsayar da rana. A ce ranar kaza da tsakar dare aka rufe littafi. Duk rancen da aka sa wa hannu bayan nan na wanda ya sa hannu ne. In ba a tsayar da rana ba, gwamnatin tsakiya tana iya cin sabon bashi ko ta kwashe ajiyar banki a watannin ƙarshe, sannan ta kawo takardar a raba.

Daga nan sai jerin bashi, rance bayan rance. Kowane layi ya nuna wa ya bayar, da wane kuɗi, nawa aka karɓa, nawa ne ba a karɓa ba tukuna, nawa aka biya, kuɗin ruwa nawa, akwai tarar jinkiri ko babu, kuma me aka yi da kuɗin. A tura wa kowane mai bin bashi ya tabbatar da adadin a rubuce, domin da wuya littafin ma'aikatar kuɗi ya yi daidai da nasu. Kada a manta da lamunin da gwamnati ta tsaya wa kamfanonin lantarki da na ruwa, da kuɗin ƴan kwangila da ba a biya ba, da bashin albashi. Waɗannan ba sa fitowa a teburin bashin waje, amma bashi ne.

Sannan a kasa jerin gida biyu. Gida na farko bashin da aka san inda ya tafi: rancen madatsar ruwa, rancen hanya, rancen asibiti. Wannan yana bin aikin, wanda aikin ke ƙasarsa shi zai biya. Gida na biyu bashin da ya shiga tukunyar kowa, kamar rancen cike giɓin kasafi. Shi ne ake nema wa ma'auni.

Ga lissafi na misali, don a ga inda rigimar take. A ce bashin duka miliyar 1,000 ne. Miliyar 300 na ayyuka ne, kuma 120 daga ciki a yankin mai fita aka yi su. Wannan 120 ba gardama. Saura 700. Idan yankin yana da kashi 25 na jama'a amma kashi 15 na arzikin ƙasa, ma'aunin jama'a zai ba shi 175, ma'aunin arziki ya ba shi 105. Bambancin miliyar 70 ke nan a kan zaɓen ma'auni kawai. Yanki mai yawan jama'a da ƙarancin arziki zai so a raba bashi da ma'aunin arziki, a raba dukiya da ma'aunin jama'a. Ɗaya ɓangaren zai so akasin haka. Magani shi ne a yarda tun farko cewa ma'auni ɗaya zai hau duka biyun.

An gwada ma'auni iri-iri. Bashin Daular Usmaniyya, bayan yarjejeniyar Lozan ta 1923, an raba shi ne bisa harajin da kowane yanki ke kawowa kafin yaƙi. Cek da Sulobakiya sun ɗauki biyu bisa ɗaya, gwargwadon jama'a. A Yugoslabiya Asusun Ba da Lamuni na Duniya, FMI, ne ya yanka nasa ma'auni a Disambar 1992: Sabiya da Montenegiro kashi 36.52 cikin ɗari, Kuroshiya 28.49, Sulobeniya 16.39, Bosniya 13.20, Masedoniya 5.40. Amma bankunan kasuwa suna riƙe da wata takarda ta 1988 da ta ba su damar bin kowane mai sa hannu dukkan bashin. Don ta kuɓuta daga wannan sharaɗi, Sulobeniya ta yarda ta ɗauki kashi 18 na bashin bankunan, sama da kasonta na FMI. Sa hannun mai bin bashi da kuɗi ake sayensa.

Akwai hanyar da ba a raba komai: uwar ƙasa ta riƙe dukkan bashin waje, ta riƙe dukkan dukiyar waje. A Disambar 1991 an fara yanka wa jamhuriyoyin Tarayyar Sobiyet kaso, Rasha 61.34, Yukiren 16.37, sauran ƙasa da haka. Abin bai yi aiki ba domin yawancinsu ba su da kuɗin waje da za su biya. Sai Rasha ta ɗauki komai, ta kuma riƙe gidajen jakadanci da basussukan da Sobiyet ke bin wasu ƙasashe. Ta gama da Kulob ɗin Paris, ƙungiyar gwamnatoci masu bin bashi, a 2006, ta biya na ƙarshe ga Bosniya a 2017, dalar Amurka miliyan 125. Habasha ma ta riƙe bashin waje lokacin da Iritiriya ta fita a 1993. Sudan da Sudan ta Kudu wannan hanyar suka bi a yarjejeniyoyin Addis Ababa na 27 ga Satumbar 2012, da sharaɗin su haɗu su nemi a yafe wa Khartum bashi cikin shekara biyu, in ba a samu ba a koma a raba. Ni a wurina wannan ita ce hanya mafi tsabta, domin sabuwar ƙasa tana farawa da littafi fari, masu bin bashi kuma sun san ƙofa ɗaya.

Abin da nake gargaɗi a kai shi ne tsarin da ɗaya zai ɗauki duka, ɗayan ya riƙa biyansa a hankali. A 1947 Indiya ta ɗauki bashin duka, aka ce Pakistan za ta biya ta kasonta na rupi miliyar 3 kashi-kashi cikin shekara 50. Har yau rupi miliyar 3 ɗin nan yana fitowa a takardun kasafin Indiya a matsayin kuɗin da take bi. Kuɗin hannu ma an yi rigima a kansu: kason Pakistan rupi miliyan 750, an ba ta 200, aka riƙe 550 saboda yaƙin Kashmir, sai a Janairun 1948 aka saki bayan da Gandhi ya shiga azumi. Maƙwabcin da kuka rabu da faɗa ba ya biyan bashi a kan lokaci.

Ɗan Birni ya sake rubutawa:

Allah ya ƙara sani, malamai. Abu biyu suka rage mini. Talaka da ke da ajiya a banki ko yake jiran fansho, ina matsayinsa? Sannan fitar Nijar daga CEDEAO, ita ma da waɗannan ƙa'idoji ake auna ta?

Hajiya ta Garin Malam ta amsa:

Ɗana, tambayarka ta farko ita ce wadda masu shawarwari ke barin ta ƙarshe, alhali ita ke taɓa tukunyar mutane.

Takardar kuɗi da ke aljihun mutum bashi ce a kan babban banki. Ranar da ƙasa ta rabu, sai an faɗi wa zai karɓi tsofaffin takardun da ke yawo a yankin da ya fita, da kuma me za a ba shi a madadinsu. Cek da Sulobakiya, da suka rabu lami lafiya, sun yi niyyar ci gaba da kuɗi ɗaya na wasu watanni. Kwana 38 kawai abin ya yi. Mutane sun hango cewa kuɗin Sulobakiya zai faɗi, sai suka yi ta kwashe ajiyarsu zuwa bankunan Cek. Ranar 8 ga Fabrairun 1993 aka raba kuɗin. Yadda suka yi abin koyi ne: an buga ƙananan tambura a asirce, aka manna wa tsofaffin takardu, aka tsayar da tura kuɗi tsakanin ƙasashen na ƴan kwanaki, aka ƙayyade abin da mutum zai canza hannu da hannu, saura ya zuba a asusu. Hasashen mutane kuwa ya tabbata, don a Yulin wannan shekara Sulobakiya ta rage darajar kuɗinta da kashi 10. Duk da wannan tsari, rigimar zinariya da bashin da ke tsakanin manyan bankunansu biyu ta kai har ƙarshen 1999 kafin a kashe ta.

Inda ba a shirya ba, ga abin da ke faruwa. A Yulin 2011 Juba ta fito da nata fam, Khartum ita ma ta sauya nata cikin wannan watan, tsofaffin takardun da ke Kudu suka zama abin rigima. Iritiriya ta ci gaba da amfani da bir na Habasha har Nuwambar 1997 da ta fito da nakfa. Ba a daidaita kan tsofaffin bir da yadda za a biya cinikin kan iyaka ba, kuma wannan na cikin abubuwan da suka ɓata tsakaninsu kafin yaƙin Mayun 1998.

Ajiyar banki kuma, dole yarjejeniya ta faɗi ƙarara: idan banki yana da hedikwata a ƙasa ɗaya, reshe a ɗayar, wa ke lamunin ajiyar reshen? A Yugoslabiya ba a warware wannan ba. Mutanen Bosniya da suka ajiye kuɗin waje a reshen Ljubljanska Banka na Sarayebo sun zauna fiye da shekara 20 ba su iya taɓa kuɗinsu ba, sai a Yulin 2014 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce Sulobeniya ta biya. Da yawansu ba su ga ranar ba.

Fansho mun san zafinsa a gidajenmu. Dokar kasafin Faransa ta Disambar 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojoji ƴan ƙasashen da suka samu ƴanci a kan adadin lokacin. Mazan jiya na Damagaram da Maraɗi da Tawa, da suka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da Faransawa, suka riƙa karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, na abokansu kuwa yana ƙaruwa duk shekara. Sai a 2001 majalisar shari'ar gwamnatin Faransa ta ce wannan wariya ce, a shari'ar wani tsohon soja ɗan Senegal mai suna Diop, kuma ba a daidaita duka ba sai 2011. Don haka a rubuta abu uku: wa ke biya, da wane kuɗi, kuma adadin zai riƙa bin tsadar rayuwa ko a'a. Yarjejeniyar 2001 ta Yugoslabiya ta ce kowace jamhuriya ta ci gaba da biyan fanshon da asusunta ke biya ko ina mai shi yake zaune, ma'aikatan tarayya da sojoji kuma ƙasar da suka zama ƴaƴanta ta biya su.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da takardu: fayil ɗin ma'aikaci, rajistar filaye, rajistar haihuwa, taswira. Takardun gwamnatin AOF a Dakar suka zauna. Da Nijar da Benin suka je Kotun Duniya kan tsibirin Lete, cikin abin da aka dogara da shi har da wasiƙar kwamandan Gaya ta 1914, kuma ranar 12 ga Yulin 2005 kotu ta ba Nijar tsibirai 16 har da Lete, Benin 9. Shari'armu da Burkina Faso ta 2013 a kan wata dokar Gwamna Janar ta 1927 da gyaranta da taswirar 1960 ta tsaya. A sa a yarjejeniya cewa takardun mulkin yanki suna bin yankin, waɗanda suka shafi kowa a ba da kwafi, kuma a faɗi wa zai biya kuɗin kwafin. A kuma ƙirga kaya tun kafin ranar rabuwa, a sa hannu biyu a kan jerin. Gine ta Seku Ture ta ga abin da rashin haka ke jawowa a 1958, da ma'aikatan Faransa suka fita da kayan aiki da fayiloli.

Malam Lauya na Zango ya sake amsawa:

Hajiya ta faɗi gaskiya. Ɗan Birni, CEDEAO wani babi ne dabam. Ƙasa ce ta fita daga ƙungiya, ƙasar tana nan yadda take, iyakarta da dukiyarta da bashinta ba su motsa ba. Yarjejeniyar ƙungiyar ce ke aiki, aya ta 91 da ta ce a ba da sanarwar shekara ɗaya, shi ya sa sanarwar Janairun 2024 ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Abin da ake tattaunawa a irin wannan shi ne ma'aikata, ofisoshin ƙungiya, hannun jari a bankinta da rancen ayyukan da ake cikin yi. Haka ma sauyin gwamnati, ko ta zaɓe ko ta soja, ba ya sauke bashin ƙasa.

Malam Ma'aji, ban yarda da kai duka ba kan cewa barin komai ga uwar ƙasa ita ce hanya mafi tsabta. Tana da kyau idan bashin ya fi dukiyar waje nauyi, kamar a Sudan. Idan ba a bayyana dukiyar ba, sabuwar ƙasa tana sayar da abin da ba ta gani ba. Yukiren ta sa hannu a 1994, amma majalisarta ta ƙi amincewa, tana neman a fara nuna mata cikakken jerin zinariya da kadarorin Sobiyet. Sharaɗina shi ne a buɗe littafi tukuna.

Maganar bashin zalunci kuma, wato wanda aka ci don danne mutanen yankin, tana da tarihi. Amurka ta ƙi yarda a ɗora wa Kuba bashin Sifen a 1898, yarjejeniyar Basai ta 1919 ta sauke wa Polan bashin da Jamus ta ci don zaunar da Jamusawa a ƙasarta, Afirka ta Kudu bayan wariyar launin fata ta yafe wa Namibiya nata. Hujja ce mai ƙarfi a kan tebur, amma kada a gina kasafi a kanta, don ba tabbatacciyar doka ba ce da za a shiga kotu da ita a fito da nasara.

Ma'aji na Sabon Gari ya ƙara da cewa:

Na karɓi sharaɗinka, Malam. Akwai abu ɗaya da ba mu taɓa ba, kayan da ba sa rabuwa: bututu, layin dogo, layin lantarki. Kusan kashi uku cikin huɗu na man Sudan a Kudu yake, bututu da tashar Port Sudan kuwa a Arewa. An rabu ba a tsayar da kuɗin wucewa ba. Khartum ta nemi sama da dalar Amurka 30 a ganga, Juba ta ce ƙasa da ɗaya, a Janairun 2012 Juba ta rufe rijiyoyinta, alhali kashi 98 na kuɗin shigarta daga mai ne. Man bai sake tafiya ba sai 2013.

Yarjejeniyar 2012 ta sa dala 11 a ganga a bututu ɗaya, 9.10 a ɗayan, da ƙarin dala 15 a kowace ganga har a cika dala miliyar 3.028 na rage wa Khartum asara. Kuskuren yana cikin tsayayyen adadi. An rubuta shi lokacin da ganga ke kusa da dala 100. Da farashi ya faɗi zuwa wajen 30 a farkon 2016, dala 24.10 ɗin, wato 9.10 da 15, ta cinye kusan duk abin da Juba ke samu a gangar, dole aka koma tebur. Irin wannan kuɗi a ɗaure shi da farashi, a sa masa ƙasa da sama, a faɗi wa ke karanta mita a bakin iyaka da bakin teku, a kuma hana kowane ɓangare riƙe kaya ko rufe bututu kafin masu sasanci su yanke hukunci. Mu da ɗanyen manmu ke bi ta tashar Seme ta Benin mun ga a 2024 yadda saɓanin siyasa ke tsayar da lodi.

Layin dogo yana nuna hanyoyin biyu. Da Tarayyar Mali ta watse a Agustan 1960, layin Dakar zuwa Bamako ya tsaya a kan iyaka har 1963, kayan Mali suka koma bi ta Abijan a mota. Nijar da Dahome, Benin ta yanzu, kuwa a 1959 hukumar jirgin ƙasa ɗaya suka kafa, OCDN, wadda ta zama OCBN, ta riƙe layin Kwatano zuwa Paraku da jigilar kaya zuwa Nijar. Maƙwabtanmu na Najeriya ma da aka kasa Jihar Arewa gida shida a 1967, sai suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta wucin gadi, ICSA, ta riƙe kayan da ba a iya yankawa har zuwa tsakiyar shekarun 1970, ko da yake wannan rabo ne na cikin gida. Hukumar haɗin gwiwa tana rayuwa ne idan takardar kafa ta ta faɗi kason kowa a jari, wa ke cike giɓi idan an yi asara, wa ke sayen sababbin taragu da kayan gyara, da yadda ɗaya zai sayi kason ɗayan idan ya so fita.